Yadda Ake Tsara Gidajen Haɗaka Masu Tattalin Fili da Makamashi

Gidajen haɗaka rukuni ne inda kowane iyali ke da cikakken gidansa, da kicin da banɗaki da ƙofar da zai kulle, amma kuma akwai babban gida guda na kowa da kowa wanda ke ɗauke da zauren taro da cin abinci, ɗakin wanki, ɗakunan baƙi da wajen aikin hannu. Tsarin a sigarsa ta zamani ya faro daga ƙasar Denmak, inda iyalai 27 suka tare a Sættedammen a shekarar 1972. Daga can ya bazu: Muir Commons a Davis ta jihar Kalifoniya a 1991, LILAC mai gidaje 20 a birnin Leeds na Ingila a 2013, da wasu da dama. Abin da ginin waɗannan wurare ya koyar shi ne cewa ana samun mafi yawan rarar fili da ta wuta a kan takarda, wajen yanke shawarar abin da za a yi tarayya a kai da yadda za a jera gidajen. Sola da sauran na'urori suna zuwa ne daga baya. Tun ran gini, ran zane.

A fara da abin da za a fitar daga kowane gida

Kafin mai zanen gini ya ja layi ko ɗaya, mazauna su zauna su rubuta duk abin da gida ke yi wa mai shi, su kuma sa a gefen kowanne sau nawa ake amfani da shi a wata. Abin da ake yi kullum, kamar barci, wanka, girki da zaman iyali, ya zauna a cikin gida. Abin da ake yi sau ɗaya ko biyu a mako, ko sau kaɗan a shekara, shi ne ɗan takarar komawa babban gida: saukar baƙi, wanki, taron mutane da yawa, gyaran keke, ajiyar tsani da kayan aiki.

Lissafin ba shi da wuya. A rukuni mai gidaje 30, idan kowane gida ya ware ɗakin baƙi mai murabba'in mita 10, an gina murabba'in mita 300 da za a riƙa sanyayawa ko ɗumamawa alhali yawancin dare babu kowa ciki. Ɗakuna biyu a babban gida, da banɗakinsu, ba za su wuce murabba'in mita 35 zuwa 40 ba. Haka injin wanki: uku ko huɗu masu ƙarfi sun ishi gidaje 30, kuma kowane gida ya sami rarar kusan murabba'in mita 2 zuwa 3.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne a gina babban gidan, sannan kowa ya ƙi rage nasa. Mutane kan amince da tarayya a taro, amma idan aka zo zanen gidansu sai su ce a bar musu ɗakin baƙi da wajen injin wanki ko da za a buƙata. Sakamakon shi ne gini biyu maimakon ɗaya, kuma babban gidan ya zama kufai tunda babu abin da ke kai mutum can. Maganinsa a gama tsara babban gidan da farko, kowa ya ga abin da zai samu, a rubuta iyakar girman kowane nau'in gida kafin kowa ya zaɓi nasa. A kuma gina babban gidan a zangon farko na aiki. Idan aka jinkirta shi sai an sami kuɗi, mutane za su tare, su sayi injinansu, su saba da rayuwa ba tare da shi ba.

Nau'in gidaje kada ya wuce uku ko huɗu, misali mai ɗaki ɗaya, mai biyu da mai uku, duk da faɗi iri ɗaya da taga iri ɗaya. Kowane bambanci da aka ƙara yana ƙara wahalar magina da yawan kuskure. Don iyali da ke ƙaruwa ko raguwa, akwai dabarar da ƙungiyar Kalkbreite a birnin Zurik ta yi amfani da ita a gininta na 2014: an ware wasu ɗakuna masu banɗaki waɗanda ba na kowane gida ba ne, iyali su karɓi haya na wani lokaci idan yaro ya girma ko dattijo ya dawo hannunsu, su mayar idan buƙata ta wuce. Wannan ya fi a gina wa kowa ɗakin da zai buƙata na shekara uku cikin talatin.

Game da yawan gidaje, galibin irin waɗannan rukunai na tsakanin 20 zuwa 40. Idan suka yi kaɗan ƙwarai, kuɗin babban gida da aikin kula da shi na yi wa mutane nauyi. Idan suka yi yawa, sanin juna na raguwa, kayan tarayya su rasa mai ido a kansu.

Jera gidaje a fili

Zafi na shiga gida ko fita daga cikinsa ta fatar ginin: bangon waje, rufi da ƙasa. Duk abin da ya rage wannan fatar ya rage buƙatar makamashi har abada, ba tare da na'urar da za ta lalace ba. A ɗauki gida mai hawa biyu, faɗi mita 6, zurfi mita 9, tsayi mita 6. Idan yana tsaye shi kaɗai, bangayensa huɗu sun kai murabba'in mita 180, rufi 54, ƙasa 54, jimilla 288. Idan aka manna shi tsakanin gidaje biyu ta dogayen ɓangarorinsa, bangon waje ya koma 72, jimilla 180. An rage fiye da kashi ɗaya cikin uku, an kuma rage bulo, filasta da fenti. Saboda haka jeri mai gidaje huɗu zuwa shida ya fi gidaje warwatse. Gidajen da ke bakin jeri suna da bango ɗaya ƙari a waje, don haka su ya kamata a ƙara wa kaurin matarin zafi, wato abin da ake shimfiɗawa a bango da rufi don hana zafi ratsawa, ko a jingina musu sito ko rumfar kekuna.

A guji lanƙwasa da ƙusurwoyi marasa dalili. Kowace ƙusurwa na ƙara fata, kuma a nan ne ake samun yoyo da ɓarakar iska.

Alkibla kuwa, dokar da ke aiki kusan ko'ina ita ce jeri ya miƙe daga gabas zuwa yamma, ta yadda manyan tagogi za su fuskanci kudu da arewa. Dalili shi ne rana da tsakar yini tana sama, ana iya tare ta da ɗan gajeren baranda. Rana ta safe da ta yamma tana ƙasa-ƙasa, tana shigowa kai tsaye, babu barandar da ke tare ta, kuma ta yamma na zuwa ne lokacin da iska ta fi zafi. A ƙasashe masu sanyi da ke arewacin duniya, tagogin kudu ne ke kawo ɗumi kyauta lokacin hunturu. A kudancin duniya abin ya juye, arewa ce. Kusa da tsakiyar duniya, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu, rana na bi ta kudu wasu watanni, ta arewa wasu, don haka ɓangarorin biyu duk na buƙatar inuwa.

Ana lissafa tazarar da ke tsakanin jeri biyu daga tsayin rana. Da tsakar rana a ranar da ta fi gajarta a shekara, tsayin rana shi ne digiri 90, a cire digirin nisan wurin daga tsakiyar duniya, a sake cire 23.5. A wuri mai digiri 40, wannan ya ba da 26.5, kuma gini mai tsayin mita 6 zai jefa inuwa mai tsawon kusan mita 12. Idan ana son ranar hunturu ta shiga gidan baya, tazarar kada ta gaza haka. A wurare masu zafi da bushewa ana son akasin wannan: lungu mai mita 3 zuwa 5 wanda gidajen ke yi wa inuwa. A wurare masu zafi da damshi kuma a buɗe tazara, a karkata jeri don iska ta ratsa, kada jeri na gaba ya toshe na baya.

Motoci su tsaya a bakin fili, wuri guda. Mota ɗaya na cin mita 2.5 sau 5, amma idan aka haɗa da hanyar shiga da juyawa ta kai kusan murabba'in mita 25. Motoci 30 murabba'in mita 750 ke nan, kuma idan aka ja titi zuwa kowace ƙofa abin ya ninka. Hanyar ƙafa ta ratsa tsakanin gidaje, amma a bar mata faɗi da ƙarfin ƙasa da motar kashe gobara da ta asibiti za su iya bi, gwargwadon dokar wurin. Babban gida ya zauna a kan hanyar da ke tsakanin wajen motoci da gidaje, inda kowa zai gifta shi safe da yamma. Wanda aka kai ƙarshen fili don samun wuri mai kyan gani, ba ya samun masu zuwa.

Cikin gida

Ƙaramin gida na jin daɗin zama ne idan ba a ɓarnatar da fili a hanyar wucewa ba. Korido mai faɗin mita 1 da tsawon mita 6 ya cinye murabba'in mita 6, kusan girman ƙaramin ɗakin yaro. A sa matakala a tsakiyar gida kusa da ƙofar shiga, ɗakunan sama su buɗe kan ƙaramin dandali. Idan hanyoyin wucewa suka haura kashi 10 cikin 100 na gida, a sake zane.

Kicin da banɗaki su jingina da bango ɗaya, banɗakin sama ya hau daidai kan na ƙasa ko kan kicin, sannan gidaje biyu maƙwabta su juya wa juna baya ta wannan ɓangaren. Ta haka bututun ruwa da na magudana sun gajarta. Amfanin ya wuce rage kuɗin mai gyaran famfo. Bututu mai kaurin milimita 22 na riƙe kusan sulusin lita a kowace mita. Idan tankin ruwan zafi na nesa da famfo da mita 15, duk buɗewa sai an zubar da kusan lita 5 kafin zafi ya iso, sannan wasu lita 5 masu zafi su huce a cikin bututun bayan an rufe.

Wajen ajiya a gina shi tare da gida: kabad daga ƙasa har silin mai zurfin santimita 60, ƙarƙashin matakala, saman ƙofofi. Gidan da ba shi da ma'aji, ɗaki guda ne ke zama ma'ajinsa. Ƙofa mai zamewa na ceto kusan murabba'in mita 1 da ƙofa mai buɗewa ke sharewa, sai dai ba ta tare sauti sosai, don haka ta dace da kicin da sito fiye da ɗakin kwana.

Kada tattalin fili ya kai ga gidan da tsoho ko mai keken guragu ba zai iya zama ba. Ƙofofi su ba da sararin santimita 80 zuwa 90, ƙofar shiga ba tudu, a ƙasa a sami banɗaki da keken zai iya juyawa a da'ira mai faɗin mita 1.5, da ɗaki ɗaya da za a iya mayarwa na kwana. Gyara wannan daga baya ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Akwai wani abu da ke da alaƙa da zaman tare kai tsaye. Kicin ya fuskanci hanyar ƙafa, da ɗan baranda mai zurfin aƙalla mita 1.8, wanda kujera da mai wucewa za su shiga tare. Ɗakunan kwana da ɗan tsakar gida na sirri su koma baya. Mutumin da ke da inda zai ɓuya idan ya so shi ne ke fitowa da son ransa, kuma an fi ganin rashin sirri na kashe zumunci a irin waɗannan rukunai fiye da yawan katanga.

Rufi, bango da taga

A ƙasa mai zafi rufi ne kan gaba. Da tsakar rana hasken rana na zuba kusan wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita, kuma kwano mai duhu na iya haura digiri 70. A zaɓi fari ko mai haske, a bar sarari tsakanin kwano da silin da iska ke shiga ta gefen rufi ta fita ta ƙololuwa, a shimfiɗa matarin zafi a kan silin. Takardar alminiyon mai mayar da zafi tana aiki ne kawai idan akwai sararin iska na aƙalla santimita 2.5 a gaban fuskarta mai ƙyalli. Idan aka matse ta tsakanin abubuwa biyu, ko ƙura ta rufe ta, amfaninta ya ragu ƙwarai.

Kaurin bango ba shi ne tare zafi ba. Santimita 10 na matarin zafi irin audugar dutse ko ta gilashi na tare zafi daidai da kankare mai kaurin mita 4 zuwa 5. Abin da bango mai nauyi ke yi shi ne jinkirta zafi: ya sha da rana, ya saki da dare. Wannan na da amfani inda dare ke yin sanyi sosai fiye da rana, da bambancin digiri 10 ko fiye, da sharaɗin a buɗe tagogi da dare a rufe da safe. Kusan santimita 10 na farko daga cikin ɗaki ne kaɗai ke wannan aikin a kullum, kuma sai matarin zafi na bayansa ta waje. Inda dare ke da zafi da damshi kamar rana, bango mai nauyi na sakin zafinsa a kan masu barci, gara gini mara nauyi mai inuwa da iska.

A ƙasa mai sanyi ma'aunin da aka fi dogara da shi shi ne na Passivhaus, wanda gininsa na farko jeri ne mai gidaje huɗu a Darmstadt ta Jamus, a 1991. Ma'aunin ya iyakance makamashin ɗumama gida a kilowat-awa 15 ga kowane murabba'in mita a shekara. A yanayin tsakiyar Turai ana kaiwa nan da matarin zafi mai kaurin santimita 25 zuwa 30 a bango, da taga mai gilashi uku. Rukunin Forgebank kusa da Lancaster a Ingila ya gina gidajensa 41 a kan wannan ma'auni.

Matarin zafi ya zagaye gida ba tare da yankewa ba. A ɗauki zanen da ya yanka gidan biyu, a bi layin matarin da biro ba tare da ɗaga hannu ba. Duk inda biro ya tsaya, nan ne gadar zafi: dakalin baranda na kankare da ya fito daga daɓen bene, linta a saman taga, ƙarfen da ya ratsa bango. Ƙarfe na wuce da zafi fiye da sau dubu a kan audugar dutse. A waɗannan wuraren ne bango ke yin raɓa ta ciki lokacin sanyi, baƙin fumfuna ya biyo baya. Baranda ta tsaya a kan ginshiƙanta, kada ta rataya a jikin daɓe.

Damshi na tafiya daga ɓangare mai ɗumi zuwa mai sanyi, saboda haka ledar tare tururi na zama a ɓangaren ɗumi. A ƙasa mai sanyi wannan ta ciki ne. A ƙasa mai zafi da damshi inda ake kunna na'urar sanyaya ɗaki, ta waje ne. Masu kwafo zanen wata ƙasa ba tare da lura da wannan ba, ruwa ke taruwa musu a cikin bango, katako ya ruɓe.

Taga mai gilashi ɗaya da ke fuskantar yamma na shigo da wat 500 ko fiye a kowane murabba'in mita. Taga mai murabba'in mita 4 daidai take da hita mai kilowat 2 a kunne. Inuwa ta zama ta waje, domin labule na tare haske ne bayan zafi ya riga ya shigo. Zurfin rumfar taga ana lissafa shi: a wuri mai digiri 40, ranar tsakiyar bazara na kai digiri 73.5, kuma taga mai tsayin mita 1.5 na buƙatar rumfa mai zurfin kusan santimita 45. A ƙara mata, don watan da ya fi zafi na zuwa ne bayan rana ta fara sauka. Gabas da yamma sai da marufin waje, allunan tsaye ko bishiya.

Iska

Inda ake dogaro da iskar Allah, kowane gida ya sami taga a ɓangarori biyu masu fuskantar juna. Iska mai ratsawa na aiki har zurfin da ya kai sau biyar na tsayin silin, wato kusan mita 13 idan silin na mita 2.7. Idan taga a gefe ɗaya take, zurfin ɗaki kada ya wuce sau biyu zuwa biyu da rabi. Ƙofar ɗaki a rufe na kashe wannan duka, don haka a sa ƙaramar taga a saman kowace ƙofar ciki. Taga a ƙololuwar matakala na zuƙe iska mai zafi sama ko da babu kaɗawa. Ragar sauro na rage iskar da ke shiga sosai, a faɗaɗa tagar saboda ita. Tagar dare kuma ta zama wadda za a bari a buɗe ba fargabar ɓarawo ko ruwan sama, in ba haka ba babu mai buɗe ta.

Fankar silin na cin wat 30 zuwa 75, alhali ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki na cin kusan 1,000. Iskar fanka na sa jiki ya ji kamar zafi ya ragu da digiri 2 zuwa 3. Tana buƙatar silin mai tsayin aƙalla mita 2.6 don fukafukai su zauna mita 2.3 daga ƙasa.

Inda ake ɗumamawa ko sanyayawa da na'ura, gida ya zama a toshe, sannan a shigo da iska da gangan, kusan kubik mita 30 a kowace awa ga kowane mutum, ta na'urar musayar iska mai ceto aƙalla kashi 75 cikin 100 na zafin da ke fita. Toshe gida ba tare da wannan ba na kawo raɓa da ciwon kai. Matatar na'urar na son canji sau ɗaya ko biyu a shekara, don haka a sa ta inda hannu ke kaiwa ba tsani.

Bangon tsakani

Haɗa gidaje na da farashi, shi ne sauti. Rukunin da ake jin tarin maƙwabci ba ya daɗewa da zaman lafiya. Bangon tsakani ya zama biyu, da sararin santimita 5 zuwa 10 a tsakani cike da audugar dutse. Magini ya kiyaye kada siminti ya zuba cikin sararin ya haɗa bangayen, domin dunƙule ɗaya ya isa ya wuce da sauti. Soket na gida biyu kada su yi baya da baya, a raba su da aƙalla santimita 60. Daɓe ko katakon bene kada ya zarce daga gida zuwa gida ba yanka. Matakala ta jingina da matakala, ɗakin kwana da ɗakin kwana. Bangon ya hau har ya taɓa kwano. Idan ya tsaya a silin, sauti na bi ta sama, haka ma wuta da hayaƙi ranar gobara.

Na'urorin tarayya

Ba kowane abu ne ke da riba a haɗa ba, kuma ruwan zafi shi ne babban misali. Tukunya ɗaya ga gidaje 30 na da kyau a takarda, amma sai ruwa ya riƙa zagayawa dare da rana. Bututu mai tsawon mita 200, ko an naɗe shi, idan yana asarar wat 10 a kowace mita, kilowat 2 ke nan ba tsayawa, fiye da kilowat-awa 17,000 a shekara. A gini ɗaya mai hawa da gajerun bututu, tarayya na biya. A gidajen da suka bazu, kowane jeri ko kowane gida ya yi nasa. Ruwan da ake ajiyewa ya kai digiri 60, saboda ƙwayar cutar Legionella na yaɗuwa tsakanin digiri 20 da 45, sannan a sa famfon gauraye don kada ya ƙona yara. Famfon zafi, wato na'urar da ke jawo zafi daga iskar waje ko ƙasa ta kai shi cikin gida ko ruwa, na ba da zafi sau uku zuwa huɗu na wutar da ya ci, amma yana da ƙara, kada a kafa shi ƙarƙashin tagar ɗakin kwanan wani.

Sola kuwa ta dace da tarayya sosai, domin gidaje 30 ba sa kunna komai a lokaci guda, kuma akwai mai amfani da wuta da rana a koyaushe. Kilowat ɗaya na faifan sola na buƙatar rufi kusan murabba'in mita 5, yana ba da kilowat-awa 900 zuwa 1,000 a shekara a arewacin Turai, 1,600 ko fiye a ƙasashe masu rana. A tsara rufi tun farko: fuska ɗaya shimfiɗaɗɗiya, ba tanki ko bututun hayaƙi mai jefa inuwa, da bututun waya da aka riga aka binne zuwa ɗakin inbata. Ɗakin batir ya zama mai sanyi da iska, nesa da ɗakin kwana, domin zafi na rage masa rai. A binciki dokar wurin kafin a sayi komai, don wasu ƙasashe na da sharuɗɗa kan raba wuta tsakanin gidaje. Aikin wanki da turo ruwa tanki a mayar da su tsakar rana.

Ruwan sama lissafinsa a bayyane yake: milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufi mai murabba'in mita 600 a wurin da ke samun milimita 800 a shekara, bayan cire kashi 20 na asara, zai ba da lita 384,000 don lambu, wanki da ban ruwan masai. A sa abin da zai zubar da ruwan farko mai ƙura, kuma bututunsa kada ya taɓa haɗuwa da na ruwan sha.

Kowane gida ya sami mitarsa ta wuta da ta ruwa, babban gida ma tasa daban. Idan aka raba kuɗi daidai wa daida, mai tattali na biya wa mai ɓarna, ba a jimawa kowa ya daina tattali. Kowace na'urar tarayya kuma a rubuta sunan mai kula da ita, da ranar dubawa, da asusun canza ta idan ta tsufa.

Babban gida kansa na iya zama wanda ya fi kowa shan wuta. A auna zaure da yawan masu zuwa a ranar yau da kullum, kamar kashi biyu cikin uku na mazauna, a kan murabba'in mita 1.2 zuwa 1.5 ga kowace kujera: mutum 50 na buƙatar kusan 70. Taron shekara-shekara ya malala zuwa baranda. A raba ginin shiyya-shiyya, kowace da makunninta mai kashe kanta, don kada a sanyaya zaure duka saboda mutum biyu a ɗakin baƙi. Silin zaure ya zama mai shanye sauti, in ba haka ba hayaniyar yara da kwanuka na korar tsofaffi.

Gwaji kafin a karɓi gini

A gama gida ɗaya kafin sauran, a gwada shi, a gyara kuskure sau ɗaya maimakon sau 30. A duba matarin zafi a ɗauki hotonsa kafin a rufe bango, domin rata mai faɗin yatsa tsakanin alluna na rage aikinsa sosai. A gidajen da aka toshe, a yi gwajin fanka a ƙofa: ana zuƙe iska har bambancin matsi ya kai paskal 50, a auna sau nawa iskar gidan ke sauyawa a awa. Ma'aunin Passivhaus 0.6 ne. A yi gwajin tun ledar toshewa na a fili, a bi da hayaƙi a gano ɓaraka, wadda galibi ke kewayen taga, ramin bututu da ƙofar hawa silin. A gwada sautin bangon tsakani a wannan gidan na farko. A auna iskar kowace kafar na'urar musayar iska a rubuta. Bayan tarewa, a karanta dukkan mitoci kowane wata har shekara ta zagayo, a kwatanta gidaje masu nau'i ɗaya. Gidan da ya yi nesa da 'yan'uwansa a lissafi, a fara duba saitin na'urorinsa da rufinsa tun lokacin garantin ɗan kwangila bai ƙare ba.